Yadda Ake Riƙon Matasa a Fitar Bishara ta Dogon Hutu

Wanda ya kwaso matasan ikilisiya daga Kano zai kai su wurin 'yan'uwa a Damagaram, hanyarsa Daura ce, daga nan sai Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'adua, inda Najeriya ta ƙare. A wannan shinge ake gane ko jagora ya yi aikinsa tun daga gida. Bas cike da 'ya'yan mutane, jami'in shige da fice ya miƙo hannu yana jiran takardu, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Na tsaya a irin wannan wuri, shi ya sa nake so in shimfiɗa wa mai sha'awar aikin yadda ake yinsa.

Farkon abu shi ne shiga. A Amurka ƙungiyoyi kan ɗauki ɗaliban jami'a aikin wata biyu ko uku, su biya su ɗan abin kashewa. A wurinmu ƙofar ita ce Zumuntar Matasa ta ikilisiyarka, ko ƙungiyar ɗalibai ta FCS da aka kafa a Gindiri a 1957, ko kuma masu bishara na EMS, reshen aika ma'aikata na ECWA. Za a nemi wasiƙar fastonka, dattawa su zauna da kai su ji shaidarka. Albashi babu. Abinci da kuɗin mota ne naka, sai addu'ar iyaye. Ni da za a tambaye ni, ba zan fara duba mai zaƙin murya ko gwanin wa'azi ba. Zan nemi wanda ya iya riƙe kuɗin jama'a ya kawo canji, wanda kuma ya taɓa jinyar ƙaninsa har gari ya waye.

In an ɗauke ka, sai share fage. Tun makarantu ba su tashi ba, wajen watan Yuni, ka je garin da kanka, ku biyu ko uku. Zauna da faston wurin ka tambaye shi, "Baba Fasto, me kuke bukata?" Ka yi shiru ka saurara. Wataƙila ku a birni kun shirya majigi da lasifika, shi kuwa abin da ke hana shi barci rufin majami'a ne da ke yoyo, ko yaran masu bi da ba su iya karatu ba. Abin da ya faɗa shi ne aikinku.

Daga nan shi zai shige gaba zuwa ƙofar mai unguwa da ta dagaci. Tuɓe takalmi, durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne za su zo maka daga Kano, ɗalibai, kwana goma, masaukinsu gidan fasto." Faɗi adadinku da abin da za ku yi, ba ƙari ba ragi. Ku leƙa ofishin 'yan sanda ma. In garin a yankin Daura yake, ka tuna masarautar ƙasar Musulmi ce tun ƙarnoni, jihar Katsina kuma tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, Kiristan wurin kuwa 'yan kaɗan ne: ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, jami'an kan iyaka da iyalansu. Zamansu da maƙwabta abu ne da suka gina shekara da shekaru. Ku kwana goma za ku yi ku tafi, su ne za su ci gaba da sayen gero a kasuwa ɗaya da waɗannan maƙwabta. Duk wani shiri da za ka yi, auna shi da wannan.

Tarihin aikin ma haka ya nuna. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan zama a cikin masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe wa 'yan mishan na SIM a shekarun 1930 ta jinyar kutare ce: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. A Nijar ma, asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da cibiyar Danja kusa da Maraɗi su mutane suka fi sani. Da wankin miki aka san mu a ƙasar nan, kuma ban ga dalilin da matasanmu za su ɗauka sun fi ƙarfin wannan hanya ba.

Ka dawo gida, sai iyaye. Bi su gida gida. Kowane yaro da takardar yardar mahaifinsa ko mai riƙonsa, da lambar waya biyu, da bayanin ciwon da yake da shi, musamman amosanin jini da asma. Kada ka ɗauki yarinya ko ɗaya in ba mace babba a tafiyar. Roƙi Zumuntar Mata su ba ku uwa ɗaya ko biyu. Kuɗin da aka tara daga baiko da gudummawa a rubuta shi a littafi, ma'aji daban, mai sa hannu daban.

Kaya kuwa damina ce ke tsara su, don dogon hutunmu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba yake, tsakiyar marka. Gidan sauro ga kowa, maganin zazzaɓin cizon sauro da abin gwajinsa, ƙullin gishiri da sukari na gudawa, leda babba, tocila, bokiti. Abinci ku tafi da naku har da rara: shinkafa, wake, garin kwaki, manja, ƙuli-ƙuli. Agusta lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Mai masauki Bahaushe ne, kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba, zai yanka kazarsa ta ƙarshe ya ciyo bashi. Tun ranar isa ka miƙa buhunan ga matar fasto ka ce, "Mama, ga na tukunya," a dafa tare a ci tare.

In tafiyar ta ƙetare ce, Kongolam na bukatar shirinta daban. Wannan iyaka takan rufe ta buɗe: an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Don haka labarin bara ba ya aiki bana. A satin tafiya je ka tambayi jami'ai da bakinka irin takardar da ake karɓa, ka tanadi katin rigakafin shawara na kowa da wasiƙar gayyata daga ikilisiyar da za ta karɓe ku. Jera sunaye a takarda ɗaya, ka kwafa da yawa, don bayan shingen Najeriya akwai na Ɗan Barto kafin Matamai. Ku isa da hantsi. Ku kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, da hanya ke cika da motocin dabbobi. In wani ya ce zai bi da ku ta ɓarauniyar hanya a kan babur, ce masa a'a ko da za ku kwana a Daura. Ka kuma koya wa yaran lissafin can: dala ɗaya sefa 5 ce, jaka sefa 1000.

A masauki, kai ne farkon tashi. Addu'ar safe, shara, ɗiban ruwa, sannan gona. Lokacin maimai ne, kuma ba abin da ke buɗe zuciyar ƙauye kamar a ga ɗan birni ya duƙa da fartanya a gonar gwauruwa, hannunsa ya yi kanta. Da la'asar a tara yaran masu bi a koya musu karatu da waƙa, da dare a yi nazarin Littafi Mai Tsarki. Da Hausa za a yi komai. Tun 1932 muke da cikakken Littafi a harshenmu, aikin da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, amma yau sai ka ga ɗan ikilisiyar birni yana tuntuɓe a aya ɗaya. Sa su yi ta karantawa da ƙarfi tun a gida.

Mafi nauyin aikinka tsaron baki ne. Matashi na da zafin jini, ya karanta muhawara a waya yana neman inda zai gwada ta. Gaya musu tun kafin mota ta tashi: ba a taɓa addinin kowa, ba a ambaton Annabin Musulmi da abin da ba girmamawa ba, ba a kunna lasifika lokacin kiran salla, ba a jan yaron Musulmi zuwa aji ba da sanin iyayensa ba, ba a ɗaukar hoton matan aure. Wanda ya tambaye ka bangaskiyarka, ba shi amsa da gaskiya da ladabi. 'Yan'uwa a Damagaram ba su manta Janairun 2015 ba, da aka ƙone majami'u saboda zanen da wata jarida ta buga can a Faransa. Sun kuma tuna maƙwabta Musulmi da suka ɓoye su a gidajensu.

Da dare ƙirga kai kafin ka kwanta, maza ɗaki daban, mata wurin uwayensu. Wata shekara wani yaro ya ce mini kansa na ciwo, na ce gajiyar gona ce, ya sha ruwa ya kwanta. Kafin asuba jikinsa ya yi rau yana sambatu, hanya kuma ruwa ya cinye ta, a amalanken wani maƙwabci Musulmi muka kai shi asibiti. Ya warke, amma laifina ne, abin gwaji yana cikin jakata ban ɗauko ba. Tun daga ranar, duk mai zazzaɓi a gwada shi nan take, kuma ranar da muka isa gari nake sanin inda asibiti yake da wanda ke da abin hawa.

Ranar tashi, koma ƙofar dagaci ka yi godiya da sallama. Biya duk bashin da aka ci a shago, a mayar da tabarmi da tukwanen aro. Kada ka yi alkawarin rijiya ko kuɗin makaranta in ba ka da su a hannu, don faston da ka bari shi za a riƙa tsarewa a hanya ana tambaya. Gidajen sauro da sauran magani a bar masa. In kun iso gida, miƙa kowane yaro hannu da hannu ga iyayensa, ko da dare ya yi. Lahadi mai zuwa ka tsaya gaban ikilisiya da littafin ma'aji ka karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har naira ta ƙarshe, bayan sati biyu kuma ka kira Baba Fasto ka ji ko rufin ya daina yoyo, ko kuma akwai wata magana da kuka bari a gari.