Na gaji da jinyar uwar mijina, ko ƙaunata ce ta ƙare?

 Uwar mijina ta samu shanyewar ɓarin jiki, aka kawo ta gidanmu. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki, ni ke wanke zannuwan da ta ɓata. 'Ya'yanta mata sai ranar Lahadi bayan sujada suke leƙowa da lemo. Na bar zuwa kasuwa, jarina ya karye. Wani daren in ta kira ni, sai in yi kamar barci nake. A zumuntar mata kuwa kullum ana koya mana cewa mai ƙaunar gaskiya ba ya son kansa. Zunubi nake yi?

Wata matar aure, Kafanchan

'Yata, sannu da ɗawainiya. Wadda ba ta ƙaunar tsohuwa ba za ta wanke mata zane ba, balle ta damu har ta rubuto mini. Gajiya ce ke damunki. Bulus, a sura ta 13 ta wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa, da haƙuri da kirki da jimrewa ya kwatanta ƙauna, bai ce dole mai yin ta ya riƙa jin daɗi ba. Yesu kansa, a Markus sura ta 6, da ya ga almajiransa ba su samun ko sukunin cin abinci, janye su ya yi gefe su huta.

Na san za a kawo miki labarin Rut da surukarta Na'omi, matan zumunta na son sa ƙwarai. To, a karanta shi duka. Na'omi ta binne miji da 'ya'yanta maza biyu kafin nauyin ya faɗo kan Rut, kuma Rut fita take yi kala a gonar Bo'aza don su ci. Taki surukar 'ya'yanta na nan da ransu. Wasiƙar farko ga Timoti, sura ta 5, a wuyan 'ya'ya da jikoki ta fara rataya kula da gwauruwa. In kika shanye komai kika yi shiru, kin sauke musu abin da Allah ya ɗora musu, ke kuma zuciyarki na tara ƙulli. Ranar da ya fashe, a kan tsohuwar zai fashe.

Ki samu maigidanki, ba a gaban mahaifiyarsa ba. Ki ce masa mai irin wannan ciwo tana bukatar a riƙa juya ta duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito mata, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Shi zai tara 'yan'uwansa a raba kwana, a raba kuɗin magani da na gashi a asibiti, ke ki koma kasuwa ko da kwana uku a mako. Shi ma ya ɗauki wasu dararen, ai uwarsa ce. In sun noƙe, ku je wurin fasto da dattawan ikilisiya, tare da shi za ku je, kada ki je ke kaɗai a ce kin kai ƙarar dangin miji.