Warware Lissafin Kai-komon Sifirin cikin Hausa: Matsalar Kalmar "Nauyi"

Tsakure

Wannan maƙala ta bi matakan warware lissafin kai-komon sifirin a kimiyyar fiziks cikin harshen Hausa. Ta nuna cewa lokacin da kai-komo ke ɗauka ya dogara ne a kan abubuwa biyu kacal, kuma kalmar "nauyi" ita kaɗai ba ta isa ta bayyana ɗaya daga cikinsu ba.

1.0 Gabatarwa

Idan aka rataya ƙarfe a jikin sifirin, aka ja shi ƙasa kaɗan aka saki, zai riƙa hawa da sauka a kewayen wurin da ya tsaya tun farko. Wannan motsi shi ake nufi da sassauƙan kai-komo. Tushensa doka ce da masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana a shekarar 1678: gwargwadon miƙewar sifirin, gwargwadon ƙarfin da yake ja da shi domin ya koma yadda yake. Ana rubuta dokar kamar haka: F = −kx. Alamar ragewa tana nuna cewa ƙarfin kullum yana fuskantar matsaya.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

An yi amfani da "matsaya" ga wurin da abin da aka rataya yake hutawa, "tauri" (k) ga ƙarfin da ake buƙata kafin sifirin ya miƙe mita ɗaya, "iyaka" (A) ga nisa mafi girma daga matsaya, sai "wa'adi" (T) ga lokacin zuwa da dawowa sau ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "nauyi". A maganar yau da kullum tana ɗaukar ma'ana biyu: yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, da kuma ƙarfin da ƙasa ke jan jikin da shi, wanda ake aunawa da nyuton. A nan an aro "mas" (m) domin ma'ana ta farko, aka bar wa "nauyi" (mg) ta biyu.

3.0 Misali da Warwara

An rataya ƙarfe mai mas kilogiram 0.2, sifirin ya miƙe mita 0.098 ya tsaya. Daga nan aka ƙara jansa ƙasa da mita 0.05 aka saki. Ana son a san taurin sifirin, da wa'adi, da gudu mafi girma. An ɗauki jan ƙasa (g) a matsayin 9.8, an kuma ɗauka babu gogayya da iska.

Mataki na farko: a matsaya, jan sifirin daidai yake da nauyin ƙarfen, wato kx = mg. Saboda haka k = (0.2 × 9.8) ÷ 0.098 = nyuton 20 a kowace mita.

Mataki na biyu: T = 2π√(m/k). A nan m/k = 0.01, saiwarsa 0.1, don haka wa'adi ya kama kimanin sakan 0.63.

Mataki na uku: gudu yana kai ƙololuwarsa a daidai lokacin da ƙarfen ke ratsa matsaya, domin a nan ne makamashin da aka taskace wajen jan ƙarfen daga matsaya yake juyewa kacokan ya zama na motsi: ½kA² = ½mv². Ɓangaren hagu ya ba da jul 0.025, wanda ke nufin v = mita 0.5 a sakan ɗaya.

Abin lura, mita 0.098 ta yi aiki ne wajen gano tauri kawai, mita 0.05 kuwa ita ce iyaka. Musanya su yana ɓata dukkan matakan uku gaba ɗaya.

4.0 Sharhi

Iyaka ba ta cikin lissafin wa'adi. Ko an ja ƙarfen mita 0.02 ko 0.05, sakan 0.63 zai ɗauka, muddin ba a miƙar da sifirin fiye da kima ba. Wannan daidaito ne ya sa Christiaan Huygens ya sanya sifirin a agogon aljihu a 1675. Idan kuma aka ninka mas sau huɗu, wa'adi zai ninku sau biyu.

Haka nan g ba ya ciki. Da za a kai sifirin duniyar wata, inda jan ƙasa yake kimanin 1.6, nauyin ƙarfen zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida, miƙewar ta koma mita 0.016, amma wa'adi ba zai canza ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa wa'adi ya dogara a kan "nauyi" zai ce ya ragu, kuma laifin na kalmar ne. A kan wannan ƙa'ida aka riƙa auna mas ɗin 'yan sama-jannatin Amurka a tashar Skylab a 1973, da kujera mai kai-komo a kan sifirin, a wurin da sikeli ba ya aiki.

5.0 Kammalawa

Hausa ta ɗauki dukkan matakan lissafin ba tare da tangarɗa ba, sai a gurbi ɗaya da kalma guda ke riƙe da ma'anoni biyu. Ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya su jarraba kowace kalma a cikin lissafi irin wannan kafin su shigar da ita ƙamus.