Tsarin Shafi a Rubutun Ajami na Sakkwato: Matani, Gefe da Alamomi

Ɗalibin da aka tura Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato don ya juyo wata tsohuwar waƙa daga ajami zuwa boko, yawanci haruffa kaɗai yake sa wa ido. Amma kuwa kafin marubucin da ya tsoma alƙalaminsa cikin tawada, sai da ya kasa takardar gida-gida, kowane gida da aikinsa. Wannan maƙala za ta duba yadda ake wannan rabo, da irin ɓarnar da ke aukuwa idan mai juyi bai kula da shi ba.

Babban gida shi ne tsakiyar shafi, inda matani yake, watau ainihin maganar mawallafi. Wasu magwafa sukan kewaye shi da jan layi ɗaya ko biyu, wasu kuwa sukan bar farar takarda ta zama ita ce iyaka. Abin da ke bayan iyakar nan shi ne gefe, ko hashiya, kuma ba na mawallafi ba ne. Fili ne na malami da almajiri. Littattafan da ake karantarwa a zaure, kamar Risala da Ishiriniya da Muhtasar, akan rubuta su da tazara mai faɗi tsakanin layi da layi, domin mai karatu ya sami wurin sa ma'anar kalma da ƙananan haruffa, da Larabci ko Fulatanci ko Hausa. Idan bayanin ya yi tsawo sai a fitar da shi gefe, a karkace ko a tsaye, yadda ido ba zai gama shi da matani ba. Wannan al'ada ba ta Sakkwato kaɗai ba ce. A Barno an sami Alƙur'ani mai ɗauke da shekarar 1669 wanda aka cika gefensa da tsakanin layukansa da sharhi.

To, ba duk abin da ke gefe ne sharhi ba, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Idan magwafi ya tsallake kalma, yakan yi 'yar alama a inda ta faɗi, ya rubuta ta a gefe, ya bi ta da kalmar "sahha". Irin wannan kalma ta mawallafi ce, dole a mayar da ita gurbinta. Wadda ba ta da wannan shaida kuwa ta mai karatu ce. Wanda ya tura sharhi cikin baiti ya karya karin waƙar, wanda kuma ya zubar da gyara ya bar baitin da giɓi. Sau da yawa abin da ake ɗora wa mawaƙan ƙarni na 19 na rashin daidaiton kari, laifin mai juyi ne.

A ƙasan shafi, can wajen hagu, akwai wani ɗan gida mai kalma guda. Dalilinsa shi ne littattafan ƙasar nan ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake, galibinsu takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da ake yi a Italiya, fatake su ƙetaro Sahara da ita. Akan haɗa su cikin tadarishi, a zura a gafaka. Saboda haka sai magwafi ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙarshen wadda ta gabace ta, don in iska ko yaro ya watsa littafin a iya jera shi. Ɗalibin da bai san haka ba sai ya rubuta kalmar sau biyu.

Ita waƙa tana da nata tsari. Baiti mai ƙwar biyu akan shimfiɗa shi a layi guda, a raba ɗango da ɗango da tazara ko da wasu 'yan ɗige. Amma inda sanin rabon ya fi zama wajibi shi ne tahamisi, domin a nan mutum biyu ne ke magana cikin baiti ɗaya: mai tahamisi ya kawo ɗango uku nasa, sa'an nan ɗango biyu na asali su biyo baya. Alal misali, waƙar "Tabban Haƙiƙan" Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, shi ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi. Mai nazarin da ya ɗauko ɗango na biyu a baiti ya ce ga ra'ayin Shehu game da mulki, ya jingina wa uba maganar ɗansa. Wannan kuwa ba ƙaramin kuskure ba ne ga mai rubuta tarihin Daular Usmaniyya.

A Alƙur'ani rubutun hannu, launi ma alama ce: baƙi na haruffa, ja na wasula, rawaya da kore na hamza iri biyu. A gefe kuma zayyana ke nuna izu da nusufi da rubu'i da sumuni, mahaddaci ya gane inda yake tun daga nesa.

Gida na ƙarshe shi ne inda magwafi yake cewa "tammat", ya yi godiya ga Allah, wani lokaci ya ambaci sunansa da na wanda ya sa shi aikin. Shekarar da ke nan ta kwafi ce. Ta wallafa kuwa, in akwai, tana cikin ramzin da mawaƙi ya saka a baitocinsa na ƙarshe, kuma tsakanin shekarun nan biyu ana iya samun tazarar shekara hamsin ko fiye. Ya kamata mai juyi ya kawo kowace a inda ya same ta, ya kuma faɗi wadda ya dogara da ita.