Yaya Ake Shirya Yawon Shaƙatawa a Jirgin Ruwa?

Wani mai sauraronmu daga Zinder yana tambaya: yaya ake shirya balaguron shaƙatawa a manyan jiragen ruwa?

To malam, irin wannan jirgi gari ne guda a kan teku. Misali, jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara jigila daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600.

Fara da biza, domin nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Jirgin da ya tashi daga Barcelona yakan yada zango a Faransa da Italiya, don haka sai da bizar Schengen. Idan kuma yankin Karibiyan ka nufa, bayan biza ka kula da yanayi, domin lokacin guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba ne.

Kuɗin tikiti yakan haɗa da ɗaki da abinci, amma intanet da tukuicin ma'aikata da zagayen gari daban ake biya. Ɗakin da ba shi da taga ya fi araha. Ka nemi abincin halal tun wajen yankan tikiti.

In an sauka a wani gari, ka dawo da wuri. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara.