Yadda Ƙwan Haihuwa Ke Nuna a Jikin Mace

Jaririyar da aka haifa yau a asibitin mata da yara na Sidra, kan titin Al Gharrafa a Doha, ta zo duniya da guzurinta na ƙwai, miliyan 1 zuwa 2. Ba za a ƙara mata ko ɗaya ba. Haka abin yake ga 'yar Kano, haka ga saniya da akuya, yawan ne kawai ya bambanta.

Aikin yakan fara tun tana ciki. A wata na biyar ƙwayayen sun kai miliyan 6 zuwa 7, daga nan suke raguwa. Kowanne ya soma rabon kuromosom ɗinsa 46 gida biyu, sai ya tsaya cak. Ƙananan ƙwayoyin halitta da ke kewaye da shi suna ciyar da shi ta wasu 'yan kafofi, suna tura masa sinadarin da ke hana shi ci gaba. Wani ƙwan zai yi shekara 40 a haka.

Idan yarinyar ta balaga, saura kamar 300,000. Duk wata homon FSH daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yakan tayar da kaɗan, galibi ɗaya ke cin gasar. Sai homon LH ya taso, kafofin nan su toshe, ƙwan ya farka. Ya yar da rabin kayansa, ya rage kuromosom 23, ya fito daga ma'ajiyar ƙwai bayan kusan awa 36. Shi ya sa likitocin haɗa ƙwai da maniyyi a waje suke kallon agogo bayan allurar homon ta ƙarshe da suke yi wa mace, su ɗebo shi gab da fitowa.

Sai ƙwan ya sake tsayawa, har maniyyi ya shiga. Sinadarin kalsiyam ya riƙa tashi yana sauka cikinsa, sannan rabon ya kammala.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kohisin, furotin mai kamar zobe da ke ɗaure kuromosom. Tun mace tana cikin uwarta aka ɗaura shi, ba a sabunta shi. Shekaru na tafiya yana sassautawa, rabo ya karkace, ɓari ya yawaita, musamman bayan shekara 35. Wannan ba laifin mace ba ne, kuma gori ba ya gyara shi.

Ma'aurata, in shekara ta cika babu ciki, ku je asibiti tare, a duba miji, a duba mata. In matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa jira.