Wasiƙa ga ɗana mai niyyar zuwa Makka ta ƙasa

Ɗana, na ji kana cikin samarin Kankiya da Kusada masu zancen kama hanyar gabas zuwa Makka, tunda kuɗin kujera ya haura naira miliyan 8 a 2025. Allah Ya ba ka ladan niyya. Amma kafin ka hau mota a tashar Kankiya, amsa mini: a gidan wa za ka kwana, kuma da wa za ka tafi?

Hujjarku ita ce kakanni sun yi. Sun yi kam. Sun bi Kano da Maiduguri, suka ratsa Chadi ta Abeche, suka shiga Sudan ta Jinaina da Fashir da Ubayyid, har gaɓar Bahar Maliya inda ake ƙetarawa Jidda, wasu sai bayan shekaru. Abin da ya kai su shi ne masauki. Matafiyi ya isa zango da almuru, ya yi sallama, a miƙo masa ruwa a ƙwarya, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Mai masauki ya karɓi ajiyarsa, ya samo masa ƙodago ko tsinkar auduga a gonakin Jazira idan guzuri ya ƙare, ya riƙe shi har ayari ya haɗu. Ayarin kuwa yana da madugu wanda ya san rijiyoyi, kuma duk wanda ke ciki an san garinsu da gidan ubansa. Wanda ya kwanta ciwo a yi jinyarsa, wanda ya cika a yi masa sutura. Garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, shi ma ya zama matsayar masu wannan tafiya.

To, ina zangon yau? Tun Afrilun 2023 yaƙi ke cin Sudan, mutanen Jinaina da Fashir da kansu mafaka suke nema. Ku kuma yaran yanzu, lambar waya ɗaya ta dillalin da ba ku taɓa gani ba, sai ku ce kun sami abokin tafiya! Wanda ba ka san ƙofar gidansu ba, wa zai tambaye shi idan ya yar da kai a jeji?

Za ka ce tawakkali. Malamanmu sun karantar da mu cewa Hajji na kan mai iko ne, kuma amincin hanya yana cikin iko. Ko ka isa, ba a shiga aikin Hajji yau sai da izinin hukumomin Saudiyya.

Ka shiga adashin gata na Hukumar Alhazai, ka riƙa zubi daga amfanin gona da sana'arka. Idan Allah Ya kira ka, sai ka tashi tare da maniyyatan ƙaramar hukumarku, waɗanda kuka yi bita tare. Don Allah, ɗana, ka zauna da manyanka kan wannan magana kafin ka sayar da komai.

Wassalam.