Kafin Yara Su Tafi Nakkasa: Darasi Kan Maƙwabtaka Da Ɗakin Allah

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan dogon hutun makaranta ya ƙarato, wasu daga cikinmu mazauna Ingila da Amurka da Jamus sukan ɗauki 'ya'yansu zuwa Makka domin su yi wata biyu ko uku wajen dangi. Da yawan dangin nan suna zaune ne a Nakkasa, ko Misfala, ko Shara Mansur. Niyya ce mai kyau. Sai dai galibi tikiti da biza da tsaraba ake shiryawa, shi kuwa yaron ba a shirya shi ba. Hoton Ka'aba kawai ya sani a allon waya, alhali Makka biyu zai tarar: ta Harami da ta unguwa. Kowacce tana da ladabinta.

Haɗarin sabo

Mai Umra ta kwana goma yakan koma gida da hawaye. Mai zaman wata uku yana iya wayar gari Ka'aba ta zame masa kamar kowane gini. Magabata sun san wannan. An ruwaito cewa Imam Abu Hanifa bai so mutum ya lazimci zaman Makka ba, kuma Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumid Din ya kawo dalilan masu wannan ra'ayi: tsoron kada sabo ya rage kwarjinin Ɗakin a zuciya, da son a bar bege ya riƙa motsawa saboda rabuwa, da tsoron aikata saɓo a wuri mai alfarma. Idan manyan malamai sun ji wa kansu wannan tsoro, ina ga yaro ɗan shekara 9 da zai riƙa tsere da 'yan uwansa a farfajiyar masallaci?

Maganin sabo shi ne sani. Tun a gida, a ware dare ɗaya kowane mako a ba yara labarin wuri guda. A fara da Nana Hajara da jaririnta Annabi Isma'il, yadda ta yi kai-kawo sau 7 tsakanin Safa da Marwa tana neman ruwa har Zamzam ta ɓuɓɓugo. Sai Kogon Hira a kan Jabalun Nur, inda wahayi ya fara sauka wajen shekarar 610 miladiyya. Sai Kogon Saur a kudancin Makka, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar kwana 3 a hanyar Hijira a shekarar 622. Sai maƙabartar Mu'alla, inda Nana Khadija take kwance. Yaron da ya ji labari kafin ya ga wuri, da ya iso zai ce: ashe nan ne.

A kuma rarrabe masa abin da yake ibada da abin da yake tarihi. Ɗawafi da sa'ayi da salla ibada ne. Hawan Jabalun Nur ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra. Wanda ya hau don ya ga wurin ya ɗauki izina, ya hau, amma ba a shafa duwatsu ko ɗaura ƙyalle a neman albarka. Hawan ma yana da wuya, bai dace da ƙananan yara ko tsakar rana ba.

Harami kuma ya fi masallacin faɗi. Iyakarsa mafi kusa tana Tan'im, inda Masallacin A'isha yake, don haka gidan kawu a Nakkasa ma cikin Harami yake. A cikinsa ba a farauta, ba a firgita dabbar dawa, ba a sare itacen da ya tsiro da kansa, ba a ɗaukar tsintuwa sai don a yi cigiya. A fassara wa yaro wannan da abin da zai gani: tantabarun nan da ke cika fili ba na kora ko jifa ba ne, kuɗin da ya gani a ƙasa kuwa ya nuna wa babba.

Umrar yaro da Hajjinsa sun inganta. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wata mata ta ɗaga yaro ta tambayi Annabi ko wannan yana da Hajji, ya amsa mata da cewa yana da shi, ita ma tana da lada. Sai dai hakan ba ya sauke masa Hajjin farilla bayan ya balaga.

Ladabin unguwa

Nakkasa ba unguwar manyan otal-otal ba ce. Tsohuwar unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi a kudu da Harami, mai lunguna da hawa da gangara, kuma ayyukan rusau da sabunta gine-gine na 'yan shekarun nan sun taɓa sassanta. Yaron da ya saba da ɗakinsa shi kaɗai zai kwana da 'yan uwa huɗu ko biyar, ya ci abinci a faranti ɗaya da su. Idan ba a gaya masa ba, kalma ɗaya ta raini daga bakinsa tana iya ɓata zumuncin shekaru.

A sanar da shi su wane ne waɗannan mutane. Kakanninsu da ƙafa suka taho, ta Borno da Cadi da Sudan, suna noma da ƙwadago a hanya, wasu shekaru da dama, kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, jama'a masu yawa sun ci gaba da tafiya gabas. Wasu suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, wasu suka kai Hijaz. Shi ya sa har yau ake jin sunaye irin su Hausawi da Barnawi da Fallata a Saudiyya. Usama Hausawi, wanda ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne. Yaron da ya san wannan ba zai yi wa Hausar 'yan uwansa mai gauraye da Larabci dariya ba, kamar yadda ba zai so su yi wa tasa mai gauraye da Turanci ba.

A koya masa gaisuwa irin tamu: ya russuna wa kaka, ya ce Kawu da Gwaggo da Inna, kada ya kira babba da gatsal. A koya masa ya miƙe ya taimaka da shara da ɗauke kwano ba sai an sa shi ba. Iyaye su ma su tuna baƙo raɓa ne: wata uku nauyi ne a kan mai gida, a sa hannu a cefane ba tare da an jira roƙo ba.

Takardu da lafiya

A kiyaye wa'adin biza, domin wuce shi laifi ne da ke jawo tara, kuma yana iya shafar wanda ya gayyace ku. Bizar ziyara ba ta ba da izinin Hajji, kuma hukumomi kan hana masu ita zama a Makka a kwanakin Hajji, don haka a duba kalandar Musulunci kafin a yanki tikiti. A yi wa yara allurar sanƙarau. Zafin bazara a Makka yakan haura digiri 40, saboda haka a kai su Harami bayan Asuba ko da dare, da ruwa a hannu. Kowane yaro ya haddace lambar wayar babba, ya riƙe kati mai sunansa da Larabci, kuma a nuna masa ƙofa ɗaya mai suna, kamar Ƙofar Sarki Abdul'aziz, inda zai tsaya idan ya ɓace.

A ƙarshe, yara idonsu na kan iyaye. Uban da ya ji kiran salla daga Harami ya ci gaba da latsa waya ya rushe duk darasin da ya bayar.

Allah Ya sa 'ya'yanmu su je da ladabi, su dawo da begen komawa. Amin.